Jifan Ƙaguwa

"Ban ce ba ka iya jifa ba, Utoy. Cewa na yi jifanka na ƙaguwa ne."

"Ƙaguwar ce ta zaunar da 'yan Talisay a benci ranar Lahadi, Tiyo."

"'Yan Talisay! Yaran da ba su san kan kulki da gindinsa ba. Zo nan ka kalli kanka."

Rodel, wanda kawunsa ke kira Utoy, bai motsa ba. Ya san abin da ke cikin wayar, shi ya haɗa shi da hannunsa. Tiyo Fermin, wato Kawu Fermin, yayan mahaifiyarsa, kuma kocin ƙungiyar besbol ta unguwarsu a bakin tafkin Taal, ya tako har kan tudun jifa ya kafa masa wayar a gaban hanci. Da hagu ya riƙe ta. Komai da hagu yake yi. Hannunsa na dama ba ya wuce ƙirji, tun kafin a haifi Rodel.

Fuskar wayar rabe take gida biyu. A hagu Fermin ne yana saurayi, cikin rigar ƙungiyar kamfanin sukari, hoton dishi-dishi irin na tsohon kaset. A dama Rodel ne, jiya da yamma. Su biyun suka ɗaga gwiwa tare, kamar igiya ɗaya ke jan su. Daga nan suka raba hanya. Hannun Fermin ya tashi sama ta bayan kunne, ya sauko kamar na mai faskare. Na Rodel ya zube ƙasa, ya zagayo ta gefen ƙugu, ya saki ƙwallon daidai aljihun wando.

"Ka gani? Ga mutum, ga ƙaguwa."

"Na gani."

"To gyara."

"Ba abin da ya ɓaci."

Tiyo Fermin ya soka wayar a aljihu. Sauran yaran sun daina atisaye, sun yi cirko-cirko. Dindo, mai cafkar ƙwallo, yana tsugune bayan gurbin mai bugu, ya ɗage abin kare fuskarsa don kada wata kalma ta wuce shi.

"Saurara da kyau," in ji Fermin. "Ranar Asabar mutumin jami'ar nan ta Manila zai zo. Wanda ya ɗauka, karatu kyauta, ɗaki kyauta, abinci kyauta. Wanda na ɗora a kan tudun nan shi zai gani. In hannun nan bai tashi sama ba, Jerwin zan ɗora, shi ma ai mai jifa ne. Kai ka zauna ka riƙe wa mutane ruwa."

"Jerwin yana da sauran shekara a makaranta. Ni na gama."

"Shi ya sa nake ce maka ka gyara."

Rodel ya zare safar fata daga hannunsa ya sauka daga tudun. Bai yi sallama da kowa ba.

Ba wai bai gwada ba. Tun da aka shiga damina yake gwadawa. Duk yaron da ke jifa a ƙungiyar, haka ake yi masa: Fermin a hagu, shi a dama, a daidaita su daga ɗaga gwiwa, ya yi ta kallo har jikinsa ya kwaikwaya. Rodel ne ke haɗa bidiyon kowa, don shi ke zaman rumfar gyaran waya a kasuwar Tanauan tun da ya gama sakandare. Jerwin ya kwaikwaya, ya yi kyau a hoto. Shi kuwa da ya ɗaga hannu ta bayan kunne, ƙwallon sai ta nufi inda ta ga dama, kafaɗarsa ta ɗauki raɗaɗi kamar an zuba barkono a ciki. Da ya sauke hannun, sai raɗaɗin ya kwanta, ƙwallon ta tafi inda ya aike ta.

Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Yana ƙarami, kullum da yamma yana bakin tafki yana jiran kwalekwalen babansa ya dawo daga kejin kifi. Ba abin yi sai jifa. Ya tsinci faffaɗan dutse, ya sunkuya, ya wurga shi ta gefe ya yi ta tsalle a kan ruwa. Da aka ba shi ƙwallo, hannun bai san wata hanya ba.

Dindo ya same shi a rumfar mai lomi, gaban kwanon taliya mai kauri da bai taɓa ba.

"Ƙaguwa, in ba za ka ci ba, turo nan."

"Ci."

Dindo ya ja kwanon. "Ka ɗaga hannun na yini ɗaya mana, pare, abokina. Yini ɗaya. In ka je Manila ka yi jifa da ƙafa ma, wa ya gan ka?"

"In na ɗaga, mutumin zai ga ina jifan tsuntsaye. Wa zai ɗauke ni?"

"Gaskiya ne. Ran nan saura kaɗan ka kashe akuyar mutane."

Rodel bai yi dariya ba. Ya dubi titi, sannan ya ce, "Ka taɓa ganin ƙarshen kaset ɗin?"

"Wane kaset?"

"Na Tiyo. Da ya ba ni in juye masa a waya, cewa ya yi farkon kawai zan yanka. Na yanka farkon. Amma na kalli sauran."

"To?"

"A zagayen ƙarshe ba ta sama yake jifa ba."

Dindo ya tsaya da cokali a baki.

Kowa a unguwar ya san wannan wasa. Tsofaffi har yau suna ba da labarinsa a gindin bishiyar mangwaron filin: ranar da Fermin ya tsaya shi kaɗai a kan tudu daga farko har ƙarshe, ya ciwo wa kamfanin sukari kofi. Suna faɗin zafin ranar, suna faɗin alade nawa aka gasa. Yadda hannun ya bi a ƙarshe ne ba wanda ke faɗa. Wataƙila sun manta. Wataƙila suna ganin girmansa.

"Gobe da rana ka zo fili," in ji Rodel. "Kai za ka ɗauke ni."

Aikin bai zo da sauƙi ba. Mai ɗaukar tsohon kaset ɗin, da rana ta ishe shi a ƙarshen wasa, ya koma inuwar mangwaro, ya ɗauka daga can yana zaune. In ba daga wurin aka ɗauki Rodel ba, hannayen biyu ba za su hau layi ɗaya ba, Tiyo zai ce karkatar hoto ce. Bishiyar tana nan, ta dai ƙara kauri. Rodel ya zaunar da Dindo a saiwarta, ya duba, ya ce ya matsa hagu. Ya matsa. Ya ce ya sauke wayar zuwa gwiwa. Ya sauke.

"Tururuwa na cin gindina, pare."

"Kar ka motsa. Sai rufin majami'ar can ya faɗo daidai kafaɗata, kamar a kaset."

"In na mutu a nan ka gaya wa uwata ƙaguwa ce ta kashe ni."

Ya yi ta jifa cikin raga, babu mai bugu, babu mai cafka, har rigarsa ta manne da baya.

Sauran aikin a rumfa ya yi shi, tsakanin mai fasasshen gilashi da mai batirin da ya kumbura. Hoton kaset yana tafiya da ɗingishi, na waya yana tafiya sumul, sai da ya rage wa nasa gudu suka jera. Ya fara daidaita su daga ɗaga gwiwa, yadda Tiyo ke so. Bai yi ba. Fermin na zagayen ƙarshe a gajiye yake, gwiwarsa da ƙyar take tashi, sai ya riga Rodel isa gaba. Ya goge. Ya zauna yana tura hoton gaba kaɗan, baya kaɗan, da ɗan yatsa. Can ya lura da abu ɗaya da ke cikin duka biyun: lokacin da ƙafar gaba ta dira, ƙasa takan ɗan yi tsalle a gefen takalmi. Ya tsayar da na hagu a kan wannan. Ya tsayar da na dama a kan wannan. Ya ɗaure su, ya sake su tare.

Ya kalla sau ɗaya. Ya ajiye wayar a kan tebur, ya fita ƙofar rumfa ya tsaya. Mai rumfar ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya.

Ranar Juma'a Tiyo Fermin ya zo cin abincin rana, kamar yadda ya saba. Inay, wato Inna, mahaifiyar Rodel, ta soya tawilis, ƙananan kifin tafkin, ta ajiye da shinkafa da ruwan tsami. Rodel ya bari sai da kawunsa ya cika baki, sannan ya jingina wayar da tulun ruwa, ya danna.

A hagu saurayi mai rigar kamfanin sukari. A dama Rodel. Ƙafa biyu suka dira tare. Ƙugu biyu suka juya tare. Hannu biyu suka zube ƙasa, suka zagayo ta gefe, suka saki ƙwallo daidai aljihun wando. Har yadda kan ke karkata hagu bayan an saki, iri ɗaya. In ba don dishi-dishin hoton ba, sai ka ce mutum ɗaya aka raba biyu. Bidiyon ya ƙare ya sake farawa da kansa.

Fermin ya haɗiye abin da ke bakinsa a hankali.

"Na ce maka farkon kawai."

"Ka ce. Ga mutum, ga ƙaguwa, Tiyo. Wanne ne wanne?"

"Rodel!" in ji Inay.

"Bar shi, Luring." Fermin ya kira ta da sunanta, bai ɗauke ido daga wayar ba. Ya bari ta zagayo sau da yawa. "Ka iya aikinka. A kan dirar ƙafa ka ɗaure su?"

"E."

"Ya yi." Ya goge hannu da tsumma. "To ina washegari?"

"Wace washegari?"

"Kaset ɗinka ya ƙare a kan suna ɗaga ni sama. Ina inda gari ya waye? Luring, gaya masa wa ya sa min riga."

Inay ta ci gaba da cire wa kifi ƙaya. "Ni ce. Har aka yi girbin rake ni nake sa maka."

Fermin ya tashi tsaye. Ya fara ɗaga hannun dama. Ya taho a hankali, yana rawa, ya iso ƙirji ya tsaya cak, kamar an sa masa sakata. Jijiyar wuyansa ta fito. Ya sake shi ya faɗi.

"Shekara da shekaru ina jifa ta sama, lafiya lau. Zagaye ɗaya na yi jifan ƙaguwa. Ɗaya. Ga abin da na samu. Kana tsammani don kyan hoto nake hana ka?"

Rodel bai zaci wannan ba. Ya zaci musu, ko zagi. Amma ya riga ya kalli kaset ɗin fiye da yadda mai shi ya taɓa kallo.

"Tun tsakiyar wasan kake murza kafaɗar, Tiyo. Duk jifa sai ka murza. Ta riga ta tafi kafin ka sauke hannun. Ciwon ne ya sa ka sauke."

"Haka wayarka ta ce?"

"Haka na gani."

"Ta gaya maka wanne ya ƙarasa ta? Na saman ko na ƙasan?"

Rodel ya dubi wayar. Wannan babu shi a hagu, babu shi a dama.

"Ba ta sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Ni da ke ɗauke da hannun ma ban rantse ba. Amma ba zan tsaya ina kallo ɗan ƙanwata yana bin hanyar da na bi ranar ba." Fermin ya ɗauki hularsa. "Jerwin ne gobe."

"Kuya, yayana, ko kifin ba ka gama ba," in ji Inay.

Ya fita. Wayar tana jingine da tulu, mutum biyu suna ta jifa tare.

Inay ta kife ta. "Yana son ka, ka sani."

"Na sani."

"To me za ka yi?"

"Jifa."

Asabar ta zo da rana mai zafi. Dutsen da ke tsakiyar tafki ya fito tar, babu hazo. Mutumin Manila, wani gajere mai furfura da ake kira Abrenica, ya zo da ɗan wasansa guda, ƙato mai faɗin kafaɗa, don ya riƙe kulki a gaban masu jifa. Rabin unguwa ta taru a gindin mangwaro.

Jerwin ya hau. Hannunsa ya tashi ta bayan kunne, tsaf kamar a kaset. Ya yi ƙoƙari. Ƙaton ya kuskure wasu, ya aika wasu bayan katanga. Abrenica ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ba ta cewa komai.

"Shi ke nan masu jifan naka, Koci?"

"Shi ke nan," in ji Fermin.

Rodel yana benci kusa da jarkar ruwa. Ya miƙe, ya ɗauki ƙwallo daga bokiti, ya zura safarsa. Ba wanda ya kira shi. Ya ratsa fili yana jin idon mutane a ƙeyarsa, ya hau tudun. Dindo, da ya fara kwance kayan kariyarsa, ya dube shi, ya dubi koci, ya ja tsaki, ya koma ya tsuguna.

"Utoy! Sauko!"

Bai sauko ba. Fermin ya taho da kansa, ba sauri. Ya tsaya a gabansa ya miƙa hannun hagu.

"Ba ni ƙwallon."

"A'a."

"Kar ka kunyata ni a gaban baƙo."

"Ba kai na zo kunyatawa ba."

"Ba ni."

"Karɓa da dama, in ba ka."

Maganar ta fita kafin ya auna ta. Ya ga inda ta sauka. Fuskar kawunsa ta yi wani iri, kamar wanda aka watsa wa ruwan zafi ya hana kansa ihu. Rodel ya tsaya inda yake. Bai janye ba, bai kuma sunkuyar da kai ba. Ƙwallon tana cikin safarsa, ya matse ta.

Suka tsaya haka. Wani daga gindin mangwaro ya yi tari.

"Kafaɗa ɗaya gare ka ta jifa," in ji Fermin, murya ƙasa ƙasa. "Ba a sayar da ita a kasuwar Tanauan."

"Tawa ce, Tiyo."

"Taka ce."

Ya sauke hannun hagun. Ya juya, ya koma bakin fili. Bai zauna ba.

Abrenica bai tambayi abin da ya faru ba. Ya yi wa ƙatonsa alama ya koma gurbi.

Jifan farko ya ci ƙasa tun kafin ya isa, Dindo ya tare shi da ƙirji. Aka yi dariya. Wani yaro ya yi ihu, "Ƙaguwa!" Na biyu ƙaton ya same shi sosai, ƙwallon ta wuce ta gefen kunnen Rodel da ƙara, ta tafi can cikin ciyawa. Dindo ya jefo masa wata, ya buga safarsa da dunƙule.

"Tafki ne, pare! Tafki kawai!"

Rodel ya ja numfashi. Ya daina kallon faɗin kafaɗar mutumin. Ya sunkuya yadda yake sunkuyawa a bakin ruwa. Ƙafa ta dira, ƙugu ya juya, hannu ya zagayo.

Ƙwallon ta taso daga ƙasa, ta nufi cinyar mai bugu. Ƙaton ya ja da baya don kada ta same shi, ita kuwa ta lanƙwaso ta shige tsakiyar safar Dindo. Fau! Ƙaton ya dubi safar, ya dubi Rodel. Ta gaba ya kai mata duka da dukan ƙarfinsa, ya sami iska, har hular kwanonsa ta zame. Ta bayanta ta nutse a gabansa, kulkin ya bi ta sama.

Dariyar gindin mangwaro ta mutu. Wani tsoho ya cire sigari daga baki ya ce da na kusa da shi, "Na taɓa ganin wannan." Na kusa da shi ya zungure shi.

Abrenica ya bar inda yake. Ya zagayo bayan Dindo, ya tsuguna, ya fito da wayarsa ya saita.

"Ƙara," ya ce.

Rodel ya ƙara. Ƙaton ya taɓa ɗaya da bakin kulki, ta gangara gefe ba ƙarfi. Ya kuskure wata. Ya yi zagi da karin harshen Manila. Rodel yana sauraren kafaɗarsa bayan kowane jifa, abin da bai taɓa yi ba sai yau. Ba ta ce komai ba. Ko shirun lafiya ne, ko na jira, bai sani ba.

"Ya isa." Abrenica ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya mayar da abin da ya ɗauka baya, ya kalla a hankali, ya sake mayarwa. "Yaro, kar ka tafi, ina son magana da mahaifanka." Sannan ya juya wajen bakin fili ya ɗaga murya. "Koci, ka ce min masu jifanka sun ƙare. Wa ya koya masa wannan?"

Fermin yana tsaye inda yake. Hannunsa na hagu yana kan kafaɗar dama, yana murzawa, da alama bai san yana yi ba. Idonsa na kan tudun. Rodel ya dube shi. Dindo ya sauke abin kare fuskarsa ya ɓuya a ciki. Tsofaffin gindin mangwaro kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Abrenica ya dubi kawu, ya dubi ɗan ƙanwa, wayar tana hannunsa tana ta maimaita jifan.

"Ba ku ji ni ba ne? Na ce wa ya koya masa?"